Firijin Kawu Badaru

Wallahi duk wanda bai zo Toranke jiya Talata ba ya yi asarar kallo, don har yanzu akwai dattijan da rigunansu ke kan igiya ba su bushe ba. Amma bari a faro daga tushe, in ba haka ba ba za ku gane yadda aka yi murfin randa ya tashi sama ya tsallake rawanin dagaci ba.

Akwai wani mutum a garinmu, Kawu Badaru. Ba kawun kowa ba ne takamaimai, haka dai yara suke ce masa, shi kuwa ya fi son a ce Injiniya. Dalili, shekara uku da suka wuce ya tafi cin rani Kano, ya yi wata biyar yana riƙe wa wani mai fenti tsani a gidajen masu hali. Tun da ya dawo ba a ƙara yin zance a Toranke an gama ba a bi ta Kano ba. Ko ce masa ka yi akuyarka ta haifi biyu, sai ya ce ai a Kano uku-uku suke haifa, kuma a kan siminti. Ya dawo da gwangwani biyu na farin fenti da suka yi saura, da buroshi wanda rabin gashinsa ya zube, ya tura su ƙarƙashin gadon matarsa Hansai, ya ce ranarsu na nan zuwa.

To, ranar ta zo. An gama mana sababbin azuzuwa biyu a makaranta, tun da yara suka yi yawa bara da gwamnati ta ce kowa sai ya shiga boko. Hedimasta, Malam Kabo, ya sanar cewa babban malami mai duba makarantu zai zo daga Gaya ya buɗe su, kuma a ranar zai ɗauki mutum ɗaya aikin kula da makaranta, irin su gyaran benci da liƙe kwano da buga ƙararrawa. Da kaki, da hula, har ana raɗe-raɗin wai da keke.

Kawu Badaru na jin haka ya san an yi aikin ne domin shi. Bai ma jira an kwana ba. Ana idar da la'asar ya tsayar da ƙanensa Bala a ƙofar masallaci, gaban mutane, ya ce ga gonarsa nan ya ara wa Bala bana, ya nome ta ya cinye abin da ya samu, shi ya yi sallama da fartanya har abada. Bala mutum ne marar magana. Sau uku yana tambayarsa ko ya tabbata, don saura wata guda ruwa ya sauka, sau uku Kawu Badaru yana cewa a shaida. Aka shaida.

Da ya koma gida Hansai ta ajiye masa tuwo ta ce, "Malam, in kakin nan bai zo ba, me za mu ci baɗi?"

Ya ce mata ita ba ta san yadda aikin gwamnati yake ba, ta dai fara neman inda za a riƙa jingine keke.

Saura dai ya nuna wa baƙon Gaya irin kan da Allah ya ba shi. Sai ya tuna da ruwa. Kun san yadda ake yi in za a yi taro da bazara: gidaje ake bi ana aron randuna, a jera su a inuwa cikin jiƙaƙƙen yashi, a cika su tun jiya su kwana, don baƙo ba a gaisawa da shi sosai sai ya sha ruwa. Garin da ya ba baƙo ruwa mai ɗumi kuwa, shekara goma ana yi masa gori a kasuwar Ajingi. Kawu Badaru ya je ya sami Malam Kabo ya ce a bar masa wannan ɓangare, zai ba baƙo ruwan da sai ya riƙe haƙoransa. Malam Kabo kansa ya yi zafi, ga waƙar maraba da 'yan aji uku suka kasa riƙewa, ga rumfa ba a kafa ba, sai ya ce to, Allah ya taimaka.

Ranar Juma'a aka kawo randuna tara aka jera ƙarƙashin darbejiyar makaranta, aka cika su da ruwa. Kawu Badaru ya zagaya su hannu a baya, yana girgiza kai kamar likita ya ga marar lafiya. Ya shafa jikin ɗaya, ya nuna wa mutane tafin hannunsa a jiƙe. Ya ce ga matsalar ƙauye nan: randa tana yoyo ta ko'ina, ruwa yana tsatsafowa dare da rana, ya auna, yatsa uku take rasawa kullum, kuma kakanni sun zuba ido shekara ɗari ba wanda ya yi tunanin toshewa. A Kano akwai wani akwati ana ce masa firiji, fari fat, ko ɗigo ba ya fitarwa, ruwa ya shiga ya fito ya zama dutse. Shi da idonsa ya gani, har ya lasa.

Kafin azahar ya zazzage ruwan, ya bar randunan suka sha rana, ya fito da gwangwanayensa. Shafi biyu ya yi wa kowace, tun daga wuya har gindi.

Gaskiya sun yi kyau. Wasu matan da suka leƙo har suna cewa ko zai yi musu na ɗakinsu. Yana cikin karɓar yabo sai ga Inna Hure, maginiyar tukwane, wadda rabin randunan nan ita ta gina su da hannunta. Taubashiyarsa ce, don haka ba abin da ba ta iya gaya masa. Ta tsaya ta riƙe ƙugu ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Badaru, wa ya rasu ka yi wa randuna likkafani?"

"Ke laka kika sani. Wannan ilimi ne."

"Randa in ba ta yi gumi ba ruwa ba ya sanyi. Kakarmu ɗaya da kai, a gabanka take faɗa."

"Kakarmu ta taɓa zuwa Kano?"

"Ba ta je ba. Amma ba ta taɓa ba baƙo ruwan wanka ya sha ba."

Mutane suka yi dariya, shi ma ya yi, irin ta wanda ke tausayin jahili. Ya ce ta dawo Talata da moɗarta, zai sa a ba ta layin farko.

Fenti ya bushe ranar Lahadi, aka cika randuna. Litinin da hantsi ya zo dubawa, ya tarar da abin da ya faranta masa rai: yashin ƙarƙashinsu a bushe ƙamas, ruwa kuwa ko rabin yatsa bai ragu ba. Ya kira duk wanda ke wucewa ya zo ya gani. Hansai ta biyo ta nan za ta gidan suna, ya ɗebo moɗa guda ya miƙa mata da hannu biyu, ya ce ta zama mace ta farko a Toranke da ta sha ruwan firiji. Ta kurɓa, ta sake kurɓa don ta yi masa adalci, sannan ta ce a hankali, don kada mutane su ji, wai kamar ruwan da ake ɗumama wa tsoho na alwala. Mutanen sun ji.

Ya karɓa ya ɗanɗana da kansa. Sai ya tuna gonarsa tana can hannun Bala. Ya tsaya yana kallon randunan, fari dai ga shi, yoyo babu, to me ya rage? Can sai ya daki goshinsa har hularsa ta faɗi.

Wuta. Ya manta da wuta.

Ai ranar nan a Kano, yana kwance a ƙasa yana fentin gindin bango a bayan firijin, ya ga wata 'yar wuta shuɗiya tana ci a ƙarƙashinsa, da lagwani da tankin kananzir, kamar fitila. Ya tambayi kukun gidan, kuku ya ce masa ita ce ran firijin, in ta mutu sanyi ya mutu. Wuta a ƙasa, sanyi a sama. Wannan shi ne sirrin da Turawa suka ɓoye, kuma duk faɗin ƙasar Gaya ba wanda ya taɓa kwanciya a bayan firiji sai shi.

Nan da nan ya koma gida ya ɗauko fitilar ƙwai ta Hansai, ya ɗora ƙaramar randar kan duwatsu uku, ya cire gilashin ya tura fitilar ƙarƙashi. Bayan azahar ya tsoma yatsa. Ruwan ya ƙara ɗumi. Liman da ke tsaye yana kallo ya ce shi dai a iya saninsa wuta zafi take kawowa. Kawu Badaru ya tambaye shi, cikin ladabi, in zazzaɓi ya kama mutum me ke fara zuwa? Zafi. Daga nan fa? Rawar sanyi. To haka inji yake, sai ya kai ƙarshen zafi sannan ya juyo. Liman ya ce Allah ne masani, ya wuce.

Abin da ya gano shi ne wutar ta yi kaɗan. Ya tsuguna a ƙasa ya ɗauki tsinke ya shiga lissafi. Firijin Kano kwalba goma sha biyu yake ci, lagwaninsa ɗaya. Randa garwa huɗu take ci, garwa kuwa kwalba ashirin da huɗu ce, ka ga kwalba tasa'in da shida ke nan. A raba gida goma sha biyu, lagwani takwas kowace randa. Randa tara, lagwani saba'in da biyu. Yana cikin zane sai ga Malam Kabo zai wuce da sauri, alli a bayan kunne. Kawu Badaru ya tare shi ya ce ya duba masa wannan. Malam Kabo ya sunkuya ya bi lambobin da ido, bai tambayi ko na mene ne ba, ya ce daidai ne, har ya ƙara da cewa da 'yan aji shida za su yi haka da ya huta. Daga wannan lokaci duk wanda ya yi wa Kawu Badaru gardama sai ya ce Hedimasta ya sa hannu.

Matsalar ita ce duk Toranke ko an haɗa da na masallaci ba fitila saba'in da biyu. Amma injiniya ba ya rasa dabara. Wuta dai wuta ce, kuma ya ƙiyasta cewa runguma guda ta kara ta kai lagwani takwas.

Ranar nan ya yi aiki, wannan kam ko maƙiyinsa ya shaida. Ya sake zazzage randuna, ya kafa murhu tara a bayan rumfar baƙi, ya ɗora su, ya yi sawu goma sha takwas rijiya da garwa bibbiyu har kafaɗarsa ta saɓule. Ya aro zana ya kewaye wurin, ya ce nan ɗakin inji ne, ba mai shiga. Sannan ya kife kasko a bakin kowace randa, ya bi da laka ya liƙe ruf, don ya tuna a Kano uwargida ta taɓa make hannun wani da ya buɗe firiji ya bar shi, ta ce sanyi zai gudu. Inna Hure ta leƙo ta saman zana ta tambaye shi ko dambu zai turara wa baƙin. Ya ce ta je ta ji da lakarta.

Saura kara. Da bazara kowa ya san kara ya yi wuya, wanda ya rage ana tattalinsa. Ya bi gida uku aka hana shi. Jiya da sassafe Hansai ta fito da tsintsiya za ta yi shara, sai ta ga hanya, ta ga masu tafiya rijiya suna gaishe ta. Rabin darnin gidansu babu. Ta aika masa cewa ya zo ya ga yadda ya bar ta a fili kamar rumfar kasuwa, ya aiko mata cewa gidan ma'aikacin gwamnati katangar siminti ake yi masa, ta ƙara haƙuri.

Da hantsi hayaƙi ya fara tashi daga bayan zana. Ba wanda ya damu, kowa ya zaci matan da ke dafa wa baƙi shinkafa ne. Matan da ke dafa shinkafa kuma suka zaci masu gasa rago ne. Kawu Badaru yana ciki yana zagaya murhu tara, yana tura kara, ya sa tsohuwar rigarsa mai ɗigon fenti don a san ko shi wane ne. In ya taɓa jikin randa ya ji ta ƙona shi sai ya yi murmushi, zazzaɓi ya kusa kaiwa ƙarshe.

Rana ta take tsaka Landiroba ta iso. Baƙon, Malam Abdulsalam, dogo ne mai tabarau, ya fito leɓɓansa a bushe, don motar ta lalace musu sau biyu a hanya, sun yi awa guda a rana. Aka zaunar da shi a kujerar Hedimasta, dagaci a damansa, dattijan gari a kan tabarmi a gaba, ɗalibai a jere cikin rana. Malam Kabo ya waiga ya yi alamar a kawo ruwa.

Kawu Badaru ya leƙo da kai kawai ta gefen zana, fuskarsa baƙi ƙirin da toka, ya ce minti biyar, inji bai gama juyowa ba, a fara da waƙa.

Aka yi waƙa. Malam Kabo ya sake waigawa. Kan ya sake leƙowa ya ce a maimaita, baƙo bai ji baiti na biyu sosai ba. Aka maimaita. Zuwa lokacin wani wari ya fara zagaya rumfa, irin na fenti in ya ji wuta, dagaci yana ta shaƙar iska yana duban na kusa da shi. Kuma akwai wata ƙara can ƙasa-ƙasa, kamar kumurci tara suna huci tare. Malam Abdulsalam ya haɗiye yawun da babu, ya ga dai ruwa ba zai zo ba, ya miƙe ya gyara tabarau ya fara jawabi da murya a shaƙe. Ya ce ilimi haske ne, kuma yana fata daga wannan gari wata rana za a ga abin da zai tashi sama.

Bai rufe baki ba aka ji fum!

Kasko ya taso daga bayan zana yana juyi, ya tsallake rawanin dagaci da kamar kamu ɗaya, ya dira kan tebur, ya yi ta katantanwa a gaban baƙo har ya kwanta. Tururi ya biyo bayansa kamar hadari. Kafin kowa ya ce wani abu na biyu ya tashi, wannan ya nufi wajen 'yan aji huɗu, suka watse suna ihu suna dariya. Sai kuma aka ji ƙas, babbar randar gidan liman ta tsage tun daga wuya, ruwa garwa huɗu ya kwararo ta ƙarƙashin zana ya nufi tabarmin dattijai yana hayaƙi.

Ban da wanda ya gani da idonsa ba mai yarda tsofaffin garinmu suna da sauri haka. Wani da ya shekara biyar yana cewa gwiwa ta hana shi zuwa gona, shi ya fara kaiwa kan benci. Liman ya tattare babbar riga har cinya yana salati yana ɗaga ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Dagaci bai gudu ba, saboda girma, ya dai naɗe ƙafafunsa a kan kujera ya ce a bincika. Allah ya kiyaye, yashi ya shanye zafin kafin ya kai ga kowa, riguna da tabarmi ne suka sha.

Sai zana ta kama da wuta. Nan ne Bala, wanda tun safe yake gefe yana ɗaure ƙafar rumfa, ya taso ya fizge zanar ya kwantar da ita ƙasa, ya bi ta da yashi, ya janye karan da ke ci daga murhu ɗaya bayan ɗaya, ya ɗauki sanda ya ɓamɓare lakar sauran murafan tun ba su tashi ba. Kafin a ƙirga hamsin wuta ta mutu.

Hayaƙi ya washe, gari duka ya ga ɗakin inji. Randuna takwas a kan murhu, farinsu ya koma baƙi, fenti ya kumbura ya yi ƙuraje, suna ta tafasa. A tsakiyarsu ga Kawu Badaru, gira ɗaya ta ƙone, da moɗa a hannu.

Wani ne da sai ya nemi ƙasa ta tsage. Shi kuwa gyara tsayuwa ya yi, ya ce jama'a su kwantar da hankali, sama-sama ne ke da zafi, sanyin yana ƙasa, haka firiji yake. Ya zaɓi ƙaramar randar da wutarta ta fi saurin mutuwa, ya ɗaura moɗa a kara ya zura har gindi, ya ɗebo, ya ɗaga ta kowa ya gani, ya kurɓa.

Ya tsaya. Kumatunsa suka cika. Haɗiyewa ba dama, tofarwa a gaban baƙo ba dama. Idanunsa suka kawo ruwa.

Malam Abdulsalam ya cire tabarau ya ce, "Malam, yaya ruwan?"

Da ƙyar ya haɗiye. Ya buɗe baki iska ta shiga, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, ya kusa."

To nan fa aka rasa mai riƙe wani. Malam Abdulsalam ya kifa kai a tebur kafaɗunsa suna girgiza, direbansa ya zauna a ƙasa, Malam Kabo ne kaɗai bai yi dariya ba, don Kawu Badaru ya nuna shi da moɗa ya ce ai Hedimasta ya duba lissafin ya ce daidai ne. Ana cikin haka Inna Hure ta ratso taro da tulu a ka, daga ɗakinta, jikinsa a jiƙe yana naso. Ta durƙusa ta zuba wa baƙo. Ya sha moɗa biyu bai ɗago ba, ta uku ya riƙe ta a kumatunsa.

Da ya dawo hayyacinsa ya sa aka ba shi labari tun daga fenti. Ashe kafin a ba shi duba makarantu malamin kimiyya ne. Ya ce Kawu Badaru ya matso, ya ce Inna Hure ta ɗauki faifan da ta rufo tulu da shi ta yi masa fifita. Ta ce da ma ta daɗe tana son ta ɗaga masa faifai. Kawu Badaru yana tsaye gumi ya jiƙe shi sharkaf, ta kaɗa sau biyar.

"Me ka ji?" in ji baƙo.

"Sanyi, ranka ya daɗe."

"To kai ne randa."

Ya juyo wajen ɗalibai ya ce kowa ya lashi bayan hannunsa ya hura. Duk makaranta aka lasa aka hura, har dagaci a ɓoye cikin hannun riga. Ya ce ruwa ba ya iya bin iska sai ya sami zafin da zai ɗaga shi, in zai tafi kuwa da zafin yake tafiya. Jikin randa cike yake da ƙofofi ƙanana da ido ba ya gani. Ɗan ruwan da ke tsatsafowa yana bushewa, yana jan zafin daga na ciki, shi ya sa yatsa ukun nan da take rasawa ba asara ba ce, su ne suke fita da zafi su bar sauran da sanyi. Wanda ya shafe ta da fenti ya toshe mata hanyar gumi.

Kawu Badaru ya ce to wutar firiji fa, ko ƙarya idonsa ya yi masa?

Malam Abdulsalam ya ce bai yi ƙarya ba, akwai wutar, kuma mutane da yawa sun zauna da firiji shekaru ba su taɓa leƙa bayansa ba. Sai dai ba ruwan sha take dafawa ba. Akwai wani ruwan magani a rufe cikin bututu, wutar ita ke kora shi ya zagaya, in ya iso cikin akwatin sai ya zama iska ya kwashi zafin da ke ciki, ya fita da shi ta baya, ya koma ruwa, ya sake zagayowa. Wato firiji ma gumi yake yi, nasa a cikin bututu ne kawai, ba ya zuba.

Fuskar Kawu Badaru ta washe. Ya juya ya dubi jama'a ya ce sun dai ji da kunnensu, abin da yake faɗa ke nan tun Juma'a, bututu kaɗai ya rage. Ya tambayi baƙo ko ana samun bututu a Gaya. Dagaci ya ce ba a samu, kuma ko ana samu ya hana.

Aka yanka kirtani aka buɗe azuzuwa, aka ci shinkafa. Kawu Badaru yana tsaye kusa da tebur yana karkaɗe riga, don har lokacin bai cire rai ba, a ganinsa ba kowa ke iya sa babban malami dariya haka ba. Malam Abdulsalam ya buɗe jaka ya fito da takarda, ya tambayi Hedimasta sunan mutumin nan da ya kashe wuta. Aka ce Bala. Ya rubuta, ya ce ya zo Gaya ranar Litinin a auna shi kaki.

Bala ya yi godiya. Sannan ya je wajen wansa ya rage tsawo, ya ce a gaban shaidun da suka shaida aro, tun da yanzu safe da yamma yana makaranta, ba zai iya da gona biyu ba. "Yaya, ka taimake ni ka karɓi taka."

Hansai, da ke can cikin mata, ta sauke ajiyar zuciyar da aka ji har rumfa. Kawu Badaru ya dubi sama, ya dubi ƙasa, ya ce da wani ne ba zai karɓa ba, amma ba ya iya ganin ƙanensa cikin wahala. Inna Hure ta ce madalla, kuma kafin ruwa ya sauka akwai yumɓun randa tara da zai taka mata da ƙafarsa, don masu randuna suna jiransa a bakin darninsa, in ya sami darnin.

Landiroba ta tashi, mutane suka fara watsewa, randuna takwas na nan suna huci ba wanda ya san yadda za a yi da su. Sai ga wata tsohuwa da bokiti biyu tana sauri. 'Yarta Baiwa ce ta haihu kwana huɗu da suka wuce, ga wankan jego safe da yamma, ga itace ya yi wuya, ta ji an ce akwai tafasasshen ruwa a makaranta ana shirin zubarwa. Bayanta ga wata daga unguwar gabas, ita ma da mai jego a ɗaki.

Kawu Badaru ya karɓi bokitin da kansa. Ya ce su yi layi, kada a yi turereniya, kowa zai samu. Yana ɗiba yana zubawa, tururi na dukan fuskarsa, ya waiga wajen Malam Kabo da ke tattara kujeru.

"Malam Hedimasta, ka rubuta ranar yau. Injin masu jego, ko a Kano ba su kai nan ba tukuna."